Wa Ya Ce Rawa Ba A Koyon Ta?

Kafin kowa ya ce mini uffan a kan rawar bale, ina so ya fara yin wani ɗan aiki. Ya miƙe tsaye, ya dafa bango da hannu ɗaya, ya tsaya a kan ƙafar dama, ya miƙa ta hagu ta baya ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba, ya ɗaga ta daga ƙasa kamar taƙi biyu, ƙirji a miƙe, kafaɗu a daidaice. Sannan ya saki bangon ya ƙirga goma. In ya kai goman bai yi tangaɗi ba, bai kai hannu ya cafki bango ba, kwankwasonsa bai yi masa ƙara ba, to ya zo mu zauna, na yarda yana da ta cewa. In kuwa ya kasa, kuma na san zai kasa, sai ya yi haƙuri ya saurare ni, domin abin da ya gagare shi ɗin nan shi ne darasin yara. Masu bale suna kiran wannan tsayuwa arabesk, kuma a kanta ne aka tayar da ƙura a garinmu.

Ga yadda abin ya faro. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, sannan Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, jihar Gadarif ta cika da baƙi, har mu nan Basunda da ke can ƙurya a bakin iyakar Habasha mun sami rabonmu. Sun zo da 'yan komatsansu, sun kuma zo da abin da ke cikin kawunansu. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ta taɓa ɗaukar darasin bale kafin a gudo. Da la'asar takan tara ƙawayenta a tsakar gida, a bayan danga fa, inda babu idon namiji, su jeru su dafa turakun rumfa tana nuna musu yadda ake ɗaga ƙafa ta baya. Labari ya fita gari. Kafin mako ya zagayo an hana. Da na ɗauko maganar a shirina na rediyo sai waya ta ɗauki zafi. Wasu suka ce iskanci ne, wasu suka ce kayan Turawa ne. Waɗannan ban yi mamakinsu ba. Wanda ya tsaya mini a rai wani dattijo ne da ya yi magana cikin natsuwa, ba zagi ba hargowa, ya ce shi abin dariya ma ya ba shi, don rawa ai ba karatu ba ce da za a ce ana koyon ta, wanda jininsa ke da ita in ya ji kiɗa zai taka, wanda babu ko ya mutu ba zai iya ba.

Baba, da kai nake wannan rubutu, kuma da girmamawa. Maganarka ta fi ta masu zagi haɗari, domin ita ce saiwar da sauran suka tsiro a kai. Wanda ya yarda rawa ba ta da ilimi, ba ta da malami, ba ta da daraja ta ɗaya da ta biyu, dole ya ɗauke ta aikin marasa aikin yi, daga nan kuwa zuwa kiran ta iskanci taku ɗaya ne.

Bari in kwance maka wannan tsayuwar gaɓa-gaɓa ka ga ko jini kaɗai zai iya ta. Mai koyo ba ya farawa da ɗaga ƙafa. Watanni yake yi yana koyon tsayuwa kawai, riƙe da wata doguwar sanda da ake kafawa a jikin bango daidai ƙugu. Abu na farko da ake nema a wurinsa shi ne ya juya ƙafafunsa su dubi waje, kuma juyin daga kwatangwalo zai taso, can inda cinya ta haɗu da ƙugu. Yaron da ya yi ha'inci ya murɗa tafin ƙafa kawai ya bar cinya a inda take, gwiwarsa ce za ta biya bashin bayan 'yan shekaru. In tsayuwa ta zauna, sai a koya masa zura ƙafa ta baya a kan daɓe, tana shafar ƙasa har diddige ya tashi, ya rage kan yatsu kaɗai ke taɓawa. Wannan ma arabesk ce, ta ƙasa, kuma a nan ake daɗewa. Sai malami ya ga gwiwa ba ta saki, ƙugu bai karkace ba, sannan ya ba da izinin a ɗaga ƙafar kaɗan, zuwa rabin hanya tsakanin ƙasa da ƙugu, abin da suke aunawa da digiri 45. Kai ta daidai ƙugu, digiri 90, aikin shekaru ne.

Wahalar tana ina? Jikin ɗan Adam ba a yi shi don ƙafa ta tafi baya da nisa ba. Gaba kam tana zuwa, ko jariri yana kai babban yatsansa baki. Ta baya kuwa, da ta ɗan tashi sai gaɓar kwatangwalo ta ce iyakata ke nan. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan, ƙugu ne ke ɗan sunkuyawa gaba, gadon baya ya lanƙwasa, tsokokin baya da na ɗuwawu da na bayan cinya su riƙe nauyin, na ciki kuma su tokare don kada kwankwaso ya karye ciki. Jiki kuwa ɓarawo ne, kullum hanyar sauƙi yake nema. Zai so ya buɗe ƙugu gefe don ƙafa ta ƙara tashi, ko ya zubar da ƙirji ƙasa kamar mai tsintar gyaɗa, ko ya zauna a kan ƙafar da ke tsaye. Aikin malami shi ne kama wannan sata. Kafaɗu biyu su fuskanci gaba, haɓa kada ta faɗi, hannun da ke ɓangaren ƙafar tsayuwa ya miƙe gaba, ido ya bi ta saman yatsunsa ya wuce, ɗaya hannun ya tafi gefe ya ɗan ja baya. In an dace, daga kan yatsun hannun gaba har zuwa kan yatsun ƙafar baya sai ka ga layi ɗaya dogo ba karaya. Wannan ita ce arabesk ta farko. A tsarin Rasha guda huɗu ne, a tsarin Cecchetti ɗan Italiya guda biyar, kowacce da inda hannu ke zuwa da inda fuska ke kallo.

Yanzu Baba, don Allah, a cikin duk wannan ina jini ya shigo? Jini zai ba yaro kunnen jin kiɗa da laushin gaɓa, ban musa ba. Amma ko zalɓe da Allah ya halitta da tsayuwa a ƙafa ɗaya bai san digiri 45 ba. Wannan abu ne da mutane suka zauna suka tsara, suka yi gardama a kai, suka rubuta. A 1661 Sarki Luwis na 14 na Faransa ya kafa makarantar rawa ta fada, ya naɗa gwanaye goma sha uku su tsare ƙa'idojinta. Malaminsa Pierre Beauchamp shi ake jingina wa matsayan ƙafa guda biyar da har gobe kowane ɗan koyo ke farawa da su. A 1700 aka buga littafin da ke rubuta takun rawa da alamomi a kan takarda, yadda wanda ke wani gari zai karanta ya taka. A 1934 Agrippina Vaganova ta fitar da littafinta a Leningrad, wanda ya jera abin da ɗalibi zai koya daki-daki. Sakamakon haka, yarinya a Alkahira da yarinya a Tokyo in aka ce arabesk ta farko, abu ɗaya za su yi, ba su taɓa ganin juna ba. Akwai wani wasa mai suna La Bayadère da aka fara nunawa a 1877, inda 'yan rawa ke sauko wa dandamali ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta taka, ta yi arabesk, ta sake takawa, ta sake yi, ta farkon sai ta maimaita fiye da sau talatin kafin ta ƙarshen ta fito, kuma dole ƙafafunsu duka su tashi tsayi ɗaya a lokaci ɗaya. Jini ba ya yin wannan. Horo ke yi.

Masu cewa abin mata ne na nuna jiki, su ma tarihi bai goyi bayansu ba. Shi kansa Sarki Luwis ɗan rawa ne, yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fito a matsayin rana a wani wasa a 1653. A zamaninsa rawa tana cikin tarbiyyar 'ya'yan sarauta tare da hawan doki da wasan takobi, kuma sai a 1681 mata suka fara hawa dandamalin Faris a matsayin masu sana'ar. Sunan ma da ake ƙyama, arabesk, ma'anarsa irin na Larabawa. Turawa sun aro shi ne daga zanen ado na gine-ginen Musulmi, layukan nan masu miƙewa suna lanƙwasa suna sarƙewa da ake gani a bangon masallatai da fadoji irin Alhambra ta Andalus. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Kano ko Zariya ya san dangin abin da ake nufi. Wato sun ga kyan layi a bangon Musulmi, suka ce bari mu zana shi da jiki. Mu kuma jikokin masu bangon muna jin sunan muna toshe hanci.

Kada a ɗauka na zo wanke bale ne tas. Tana da dattinta. A ƙarni na 19 attajiran Faris sun mayar da bayan dandamalin opera wurin farautar 'yan mata matalauta. Har yau makarantunta na fama da yaran da ke ƙin cin abinci don kada su yi ƙiba. Takalman da ake tsayawa a kan yatsu da su kuwa, launin fatar Bature aka riƙa yin su, baƙaƙen 'yan rawa suna shafa musu hoda da hannunsu, sai a 2018 kamfanin Freed na Landan ya fara sayar da masu launin fatarmu. Tufafin dandamalinsu ma ba zan sa wa 'yar cikina ba, kuma ba wanda ya ce dole. Stephanie Kurlow, wata Musulma 'yar Ostireliya, da ɗankwalinta take yi. Amma wanne daga cikin waɗannan aka gani a tsakar gidan nan na Basunda? Yara mata ne zalla, da dogayen rigunansu da wanduna, ƙafa ba takalmi, ba kiɗa ma, sai ƙirge. In akwai abin da ya kamata babba ya tsoma baki a kai, shi ne ya hana su gwada tsayawa a kan yatsu, domin malaman abin ba sa yarda da shi sai yarinya ta kai wajen shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ta kuma yi shekaru tana horo, saboda ƙasusuwan ƙafa ba su gama ƙwari ba. Wannan gyara ne na mai sani. Mu namu gyaran bai wuce a rufe a kore ba.

Batun addini na bar wa malamai, su ne masu shi, kuma sun yi bayani a kan cuɗanyar maza da mata da fitar da tsiraici, ba ni da ja. Abin da na sani, wanda ɗan makarantar allo ma ya ji, shi ne Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mutanen Habasha sun yi wasansu da māsu a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha tana kallo ta bayansa. Habashar nan dai da muke hango duwatsunta. Saboda haka wanda zai haramta motsa jiki cikin tsari, a tsakanin mata, cikin sutura, ya kawo hujjarsa daga littafi, kada ya kawo mana ƙyamarsa ya ɗaura mata rawani.

To amma ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba bale ba ce. Ko an bar yaran nan, Basunda ba za ta fitar da tauraruwar opera ba, ba mu da daɓen katako, ba mu da madubi, ba mu da malama. Abin da ke damuna namu ne. Wannan ra'ayi na cewa rawa ba a koyon ta, shi ne ke kashe raye-rayen Hausa muna kallo. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji, da waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin kogi, sun iso ƙasar nan da harshe da tuwo da kiɗa da taku. Harshen muna riƙe da shi gwargwado, tuwon ma yana nan. Takun fa? Ku tambayi 'yan matan unguwarku su yi muku gaɗa irin wadda iyayensu suka yi a dandali, ku ga nawa za su kai ƙarshenta. A ƙasar Hausa kowace sana'a da rawarta, mahauta da kalangunsu, maƙera da dundufa, maharba da tasu, manoma da gangar noma, 'yan hoto suna cilla garma sama su tare ta. Baba, kana so ka ce mini mutum zai cilla garma mai kaifi sama ya tare da jikinsa don kawai jininsa na da rawa? Wani ya koya masa. Ya fara da ƙarami, ya ji ciwo, aka gyara masa tsayuwa, aka ce masa ba haka ba, sake. Ɗan dambe ma haka, ɗan kokawa haka. Malaman suna nan, mu ne muka ƙi kiran su malamai, muka ce musu maroƙa, muka hana su auren 'ya'yanmu. Ranar biki kuwa mu ne a sahun gaba muna liƙa musu kuɗi a goshi. Ana so ana kaiwa kasuwa.

Da yake ba mu ɗauke shi ilimi ba, ba mu sa wa taku suna ba, ba mu jera na farko da na biyu ba, ba mu rubuta ba. Tsohuwa ta mutu, takunta ya bi ta kabari. 'Yan koroso na Kano sun tsira ne saboda hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ta riƙe su, suna da wurin atisaye da na gaba da ke gyara wa na baya. Sauran da ba su sami wannan gata ba fa?

Wasu 'yan Afirka sun gane wannan tuntuni. Germaine Acogny ta Senegal ta koyi bale a Faransa, ta dawo ta buɗe ɗakin koyarwa a Dakar a 1968. Ba ta tsaya kwaikwayon Faris ba. Ta ɗauki dabarar, wato sa suna da jerawa da maimaitawa, ta ɗora a kan raye-rayen Afirka ta Yamma, ta gina tsarinta a kan motsin gadon baya, ta ba motsi sunaye irin su kuka da rimi da bado. A 1980 ta fitar da littafi, yau kuma makarantarta da ke Toubab Dialaw a bakin teku tana karɓar ɗalibai daga nahiyoyi daban-daban, har da Turawan. Masar ta buɗe babbar cibiyar koyon bale a Alkahira a 1958, shekara guda bayan haka Mahmud Rida ya kafa ƙungiyarsa da ta bi ƙauyuka tana tattara raye-rayen manoma tana tsara su. Mu ma nan Sudan, a farkon shekarun 1970 an kwashi yara an kai su Wuhan ta ƙasar Sin suka koyi wasan alkafura da tafiya a kan igiya, suka dawo suka zama abin alfaharin ƙasa. Ba wanda ya ce jininsu ne. A Legas kuma, a Yunin 2020, duniya ta ga bidiyon Anthony Madu, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, yana juyi ba takalmi a kan siminti ana ruwan sama. Malaminsa Daniel Ajala daga intanet da littattafai ya koya wa kansa, yana koyar da yaran unguwar Ajangbadi kyauta. Yaron ya ƙare a makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila. Da a wata unguwar aka haife shi, da tuni an kira taron dattawa a kansa.

Kuma hani bai taɓa hana rawa ba, mu a ƙasar nan mun fi kowa sani. Shekaru muka yi a ƙarƙashin dokar da 'yan sanda ke shiga gidan biki da ita, har aka soke ta a Nuwambar 2019. Rawa ta mutu? Ɓuya ta yi, ta fito ta waya. Yarinyar da aka kora daga turken rumfa ba carbi za ta ɗauka ba. Za ta ari wayar yayarta ta shige ɗaki ta buɗe TikTok, inda babu malama, babu ƙirge, babu mai cewa miƙe bayanki, sai girgiza da murguɗa na daƙiƙa talatin don baƙi su danna mata alama. Abin da kuke tsoro ɗin, can yake. Kun rufe ƙofar da ake shiga da horo, kun bar tagar da ake shiga ba kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ai tanƙwarawa aka ce, ba a ce a sare ba. Ga kuma yaran da ake magana a kansu: sun baro gidajensu da gudu, sun ji ƙarar da bai kamata yaro ya ji ba, da yawansu sun daɗe rabonsu da aji. Sun sami abu ɗaya da ke sa su tsaya cik su natsu su ƙirga takwas, mu kuma manya muka ga ba abin da ya fi gaggawa sai ƙwace shi.

Abin da nake nema bai da tsada. A mayar wa yaran nan da la'asar ɗinsu, a sa babbar mace ta zauna a wurin, ta ga sutura, ta ga ba wanda ke leƙe. Sannan a kira tsofaffin matan da suka san gaɗa da rawar kiɗan ƙwarya su zo su zauna a tabarma ɗaya, in an gama ɗaga ƙafa ta baya su ma su tashi su nuna nasu, a hankali, taku ɗaya ɗaya, yadda waccan yarinyar ke yi. Kowane taku a tambayi sunansa, in ba shi da suna a raɗa masa a wurin. Wata ta riƙe waya ta ɗauka, wata ta riƙe littafi ta rubuta wace ƙafa ke fara fita, ina hannu yake, a bugu na nawa ake juyawa. Samari su yi haka da tsofaffin makaɗan noma kafin a shiga yankan riɗi kowa ya watse gona. Ni kuma na ɗauki alkawarin fili a shirina ga duk tsohuwa ko tsohon da ya yarda ya zo ya yi bayanin taku ɗaya da baki, tun daga inda ake ajiye diddige.